Hanyar da Farfesa Ya Toshe

Ruwan da ke cikin ƙananan ramukan gwajin kamata ya yi ya fito fari tas. Sai ya fito rawaya, rawaya mai kauri, kamar da gayya. Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Launin bai ji kunyarsa ba.

Rabin rayuwarsa a kan taimos ya ƙare, 'yar tsokar nan ta bayan ƙashin ƙirji inda sojojin garkuwar jiki ke koyon bambanta ɗan gida da baƙo. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikinta su ne malaman, suna ba da umarni da wani sinadari, saitokin. Duk sunan da Farfesa ya yi, a kan magana ɗaya ya yi shi: hanya guda ce tak a cikin ƙwayar ke sa ta fitar da sinadarin. A toshe ta, ƙwayar ta yi gum. To, ga shi an samu maganin toshewa, an toshe, ƙwayoyin kuwa sai zuba suke kamar an kunna rediyo; rawayar nan ita ce shaidar sinadarin na nan. Laccarsa ta ritaya tana tafe, kuma a kan hanyar nan zai yi ta.

Dakta, ɗalibarsa ta dā wadda yanzu take shugabancin sashen, ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, ko dai murafan farantan ƙwayoyin ne suka sauya?" in ji ta a hankali. "Ka san halinka, a kan murfi kake rubutu. In na mai magani ya hau kan marar magani, ai shi ke nan."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Sai mu ce gwajin ya lalace. Naman nan sai an yi wa yaro aikin zuciya muke samu, ba za a iya maimaitawa kafin laccar ba. Ka yi abarka yadda ka tsara."

Farfesa ya dube ta. Shi ya koya mata riƙon kwalba, yau ga ta tana koya masa hanyar gudu, cikin ladabi. Ya buɗe akwatin ɗumi, ya zaro farantin ƙwayoyin, ya ɗaga shi sama. Ga rubutunsa nan raɗau a gindin farantin, ba a kan murfi ba.

"Kin dame ni da mitar in riƙa rubutu a gindi, sai na ce bari wannan karon in bi umarnin shugaba. Kin ga amfanin biyayya."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki. "Malam, ka yi haƙuri."

"Da me? Sun fi ni sanin gidansu. Na zauna gadi a ƙofar gaba, ashe mutanen ta baya suke shige da fice." Ya mayar da farantin a hankali, ya tsaya yana kallonsa da fara'ar da Dakta ta manta yana da ita. "Ja'irai. Ko sau ɗaya ba su ba ni mamaki ba sai da na zo tafiya."

"Laccar fa?"

"Za ta fi gajarta. Jama'a za su gode." Ya ja kujera ya zauna. "Ki sa a kawo mana maganin toshe ɗaya hanyar."

"Wadda Mai Sanƙo yake faɗa? Mutumin da ka kira mai sayar da hayaƙi a gaban taro?"

"Ita. Amma kada ki gaya masa tukuna. Yana da hawan jini, kuma bai saba da gaskiya a hannunsa ba."

Dakta ta fita tana girgiza kai. Shi kuwa ya sa safar hannu, ya ɗauko ruwan abincin ƙwayoyin. Lokacin cinsu ya yi.