Gardamar Fijo da Reno

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san zancen inji ba a bakin irina aka saba jin sa ba. Abin da na gani ne kawai ya ƙi barina.

Kawu Salifou, yayan mahaifiyata, yana zaune a gaban motar haya ƙirar Fijo mai rumfar tamfol, wadda muke kira bashe, yana sauraron injin kamar mai jin huɗuba. Tun da idonsa ya yi rauni ya bar tuƙi. Ni aka haɗa shi da ni in raka shi daga Sokodé zuwa Dapaong, ya dubo amininsa Awal, wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

Shekara da shekaru su biyun sun yi suna gardama ɗaya a tashar Didaouré da ke Sokodé. Kawu mutumin Fijo ne, wadda ƙafafun baya ke tura ta. Awal kuwa Reno ƙarama yake tuƙawa, wadda ƙafafun gaba ke ja. Kawu yakan ce motar da ba ta da ƙarfi a baya ba za ta hau dutsen Alédjo da lodin doya ba. Awal yakan ce ko shanun huɗa a gaban garma ake sa su. Da Awal ya koma wurin ɗansa a arewa, Kawu ya ci gaba da zuwa tasha, amma samarin direbobi sai su ce masa, “Haka ne, Baba,” kafin ma ya rufe baki. Daga baya ya daina zuwa.

Bayan shingen sojoji na kusa da Bombouaka, Fijon da muke ciki ta kafe a taɓo. Ƙafafun baya suna ta juyawa a banza, maza suka sauka suna turi. Sai ga wata Reno ta ratsa ta gefe, ta wuce kamar akuya.

“Mece ce wannan ta wuce?” in ji Kawu, yana ƙanƙance ido.

“Reno ce, Kawu.”

Can ya ce, “Nauyin injin yana kan ƙafafun da ke ja. Shi ya sa. Wallahi Awal ya fi ni gaskiya.” Fuskarsa ta sake, kamar wanda ya sami tsarabar da zai kai.

Mun tarar da Awal kwance a kan tabarma, bakinsa ya karkace. Ɗansa Tijjani ya ce ba ya cin abinci sosai, kuma bai cika magana ba. Kowa a gidan a hankali yake taka ƙasa.

Kawu ya durƙusa, ya kama hannunsa mai lafiya. Bayan gaisuwa ya ce, “Awal, yau na gani da idona. Motarka ta fi tawa. Duk abin da na faɗa maka a tasha, ka yafe mini.”

A wurinmu, in babba ya yi doguwar tafiya ya zo neman yafiyar majinyaci, kowa ya san abin da yake hangowa. Kawu dai murnar tsarabarsa ta mantar da shi wannan. Awal ya zare hannunsa.

“Bankwana ka zo yi?” ya ce, harshensa yana nauyi. Ya juya fuska bango.

Tijjani ya ce a hankali, “Baba Salifou, ko za mu bar shi ya huta?”

Kawu bai tashi ba. Ya cire hularsa ya mayar. Sai ya gyara murya, irin yadda yake yi a tasha.

“Kai, ashe har yanzu ana yi maka wasa ka yarda? Ni in yabi gwangwanin madara? Motar da giyarta ke fitowa daga gaba kamar mariƙin lema?”

Kafaɗar Awal ta motsa.

“Ka loda mata buhun dawa ka ga hancinta ya ɗaga sama, tana roƙon Allah!”

“Ƙarya,” in ji Awal, yana fuskantar bango.

“Ba na jin ka.”

“Ƙarya kake, makaho!” Ya juyo da ƙyar, ya bugi tabarma. “Taka... a taɓo... sai an tara gari.”

“Taɓo? Fijo ba ta san taɓo ba. Ban taɓa ganin ta kafe ba tun da nake.”

Tijjani ya fita da gudu yana kiran matarsa ta kawo kunu. Awal yana haki, yana neman kalmomi, Kawu yana jiran sa ya same su don ya ƙaryata. Muryar Kawu ta cika ɗakin, amma hawaye na gangarowa cikin gemunsa, bai share ba don kada motsin hannun ya tona shi.

Taɓon Bombouaka bai ma bushe a gindin zanena ba. Na tattare shi da hannu don kada Awal ya gani, na bi bango, na fice kafin wani ya waiwayo.