A Mayar Min Da Mai Karatuna

Inna ta dire kwamfutarta a kan teburin mai gyara har sai da ƙananan notuna suka yi tsalle.

"Wa ya ce a taɓa min ita?"

"Sannu, Inna. Ba wanda ya taɓa. Ita ta sabunta kanta."

"Kanta? Ni nake ba ta wuta, ni nake goge ta, ban ce ba!"

Inna ba ta san bihim ba, kuma hakan bai taɓa sa ta sunkuyar da kai ba. 'Yarta da ke aiki a nesa ce ta dasa mata wata 'yar manhaja a cikin imel, mai karanta saƙo da murya. Tun daga nan babu mai shiga tsakanin uwa da 'ya. Yau da safe allon ya sauya kama, muryar ta ɗauke ɗif, ga shi saƙon 'yar ya iso, wanda ta ce zai zo da sakamakon gwajinta na asibiti.

Mai gyara ya yi 'yan danne-danne, ya sosa ƙeya.

"Sabon tsarin ne bai karɓi manhajar karatun ba. Sai masu ita sun fitar da wadda ta dace da shi. Ki ɗan yi haƙuri."

"Kai musu haƙurin. Sun rushe ɗaki ba su tambayi na ciki ba."

"To bari in karanta miki."

Ta kife tafin hannunta a kan allon.

"Da bakin wani nake so, ai surukata na gida. Ta fi ka murya, ta fi ka yaɗawa."

"Sai dai in mayar da tsohon tsarin. Amma fa kamar kwana da ƙofa a buɗe ne, ɓarayi..."

"Wanda ya yi min ɓarnar nan da mukulli ya shigo. Mayar."

Ya ba ta kujera, ta ƙi. A tsaye ta jira, hannu a ƙugu, har ƙafafunta suka fara zugi. Can tsohon allon ya dawo. Ta danna inda ta saba, muryar ta tashi.

"Inna, likita ya ce..."

Ta yi wuf ta tsayar da ita.

"Fita."

"Inna, shagona ne fa."

"Na sani. Ja ƙofar."

Ya dube ta, ya dubi allon, ya fita. Sai a lokacin ta jawo kujerar ta zauna.