Vavrinec a Gidan Karnuka

Mijina Vavrinec Holub da ƙanensa Kristof su ne masu busa ƙaho a fadar basarakenmu a Bohemiya. Vavrinec ne ke tsara kiɗan, su busa tare. In suka fara, har masu wanke tukwane sukan tsaya da hannu cikin ruwa.

Amma mu talakawan ƙasarsa ne, ba mai barin gari sai da izininsa. Sau da dama mutanen birnin Dresden suka nemi a ba su 'yan'uwan, ya ce a'a.

Wata rana Kristof ya same mu muna cin miyar kabeji.

"Yaya, tashi mu gudu. Za ka tsufa kana yi wa mashaya busa?"

"Ludmila fa? Ka ga cikinta?" in ji Vavrinec, yana nuna ni.

"To zauna, uban 'yan haƙuri."

Kristof ya tafi shi kaɗai. Basarake ya huce a kan wanda ya samu. Aka tuɓe wa Vavrinec rigar fada, aka kai shi gidan karnukan farauta.

"Tunda busa kake so, busa musu," in ji wakilin fada.

Haka ya yi ta kiran karnuka da ƙaho, rani da hunturu. In ya dawo, ko warin jikinsa bai wanke ba zai hau rubuta kiɗa. Yakan ce, "Ran da ɗan basarake ya gaji ubansa, za a neme ni."

Tsohon ya daɗe bai mutu ba. Da ɗan ya hau karaga, sai ya sallami makaɗa duka, ya sayar da kayan kiɗan. Lokacin ma haƙoran Vavrinec na gaba sun zube, in ya busa iska ke ɓulla ta gefe.

Limamin coci ya tausaya, ya ce ya kawo kiɗansa a yi ranar bikin Ista. Aka tara mai gyaran takalma da malamin makaranta da wasu manoma masu goge. Kiɗan ya fi ƙarfinsu. Suka rikice a tsakiya, yara suka fashe da dariya, liman ya yi alama a tsaya.

A hanyar gida na ce, "Farkon ya yi daɗi, Maigida."

"Ba haka yake ba, Ludmila. Ba wanda zai taɓa jin yadda yake."

Washegari ya koma wurin karnuka. Bai sake taɓa alƙalami ba. Kristof kuwa, har muka binne Vavrinec ba mu ji labarinsa ba.