Ranar da Na Sake Dukan Fusae

Shekara talatin da takwas na yi ina dukan Fusae a bainar jama'a, kuma da dukan nan muka ci muka sha. Haka wasan barkwancinmu na manzai yake: mutum biyu, makirufo ɗaya a tsakiya. Ita ta saki shirme, ni kuma in maka mata bayan hannu a kafaɗa in ce, "Ke dai sakarya ce!" Mun fara ne a saman wani kanti, gaban tsofaffi shida da suka fi damuwa da abincin ranarsu. Daga nan har muka yi shekara goma sha ɗaya muna fitowa a talabijin duk Asabar. A Osaka, ko direban tasi ka ambata wa Fusa-Teru, sunan da ake kiran mu biyun da shi, sai ya kwaikwayi muryata.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Fusae wata takwas. Ta tashi, amma hannun hagu ya ƙi tashi, baki ya karkace, magana kuma sai ta jawo ta kamar guga daga rijiya.

Ranar da za mu koma dandali a unguwar Namba, wasan ƙarfe ɗaya na rana, gidan talabijin ya turo ma'aikatansa. Shugabansu, wani Okuda, mai fara'a kamar mai tallan magani, ya same mu a ɗakin shiri.

"Terumi-san," ya ce da ni yana ta rusunawa, "yau dai a yi haƙuri a bar dukan nan. Mun tanadi furanni da kiɗa mai taushi. So muke abin ya taɓa zuciya."

Yana fita Fusae ta harare ni.

"Teru-chan, kin ji shi ko? Jana'izata ya zo ɗauka. Likita ya ce kafaɗata lafiya lau. In yau tausayina suka ji ba dariya ba, wallahi na bar dandali ke nan."

Na san ba wasa take ba. Na kuma san tsorona ya fi na Okuda.

Daga labule zuwa makirufo taku tara ne, amma ranar sai da muka daɗe a hanya. Jama'a suka miƙe suna tafi, mata suna zaro hankici. Fusae ta fara.

"Ni fa ban so aka sallame ni ba. Likitan nan ya kamu da sona. Kullum da safe sai ya zo ya riƙe min hannu."

"Bugun jini yake aunawa," na ce, na ɗan shafi kafaɗarta kamar mai kakkaɓe ƙura.

Aka yi tafi. Tafi fa! Mai ban dariya ya yi magana a tafa masa, ai an gama da shi. Ta sake jefa wata maganar, aka sake tafawa, wata mata a layin gaba har da shessheƙa. Na dubi Fusae, na ga ta fara kallon ƙasa. Tunda muke ban taɓa ganin ta kalli ƙasa a dandali ba. Raina ya ɓaci, da su, da Okuda, da ni kaina.

Ta ce a hankali, "Har ya ce kada ya sake ganina a asibitin. Kunya ce irin ta samari..."

Na ɗaga hannu na maka mata, tas! Har bayan zaure aka ji.

"Shekararki sittin da bakwai, sakarya! Jikanki ya girme shi!"

Wuri ya yi tsit. Fusae ta yi tangal-tangal. Sai ta tsaya da ƙafarta, ta juya ta kalli jama'a da karkataccen bakin nan nata.

"Kun gani ko? Wata takwas na samu na huta da matar nan. A kira min likitana!"

Wani tsoho can baya ne ya fara fashewa, ya daka tsawa, "Ƙara mata!" Daga nan zauren ya ɗauka. Dariya ta gaske, mai sa mutum ya riƙe ciki yana dukan na kusa da shi. Minti goma aka ba mu, muka yi goma sha tara. Yarinyar da aka ba furanni ta kawo mana ta tsaya a gefen labule, ita ma dariya ta hana ta motsi. Na yi wasa a manyan wurare, amma ban taɓa alfahari da sana'armu kamar ranar ba.

Da muka koma ɗaki, Fusae ta zauna tana haki. Na tsuguna ina cire mata takalmi, ina jiran zagi.

"Daga gobe mu sauya wurin tsayuwa," ta ce. "Ki koma gefena na dama."

"Bayan shekara talatin da takwas? Hannuna bai saba ba."

"Sai ya koya. Wannan kafaɗar ta hagu ba ta jin komai, Teru-chan. Ƙarar kawai na ji. Ni kuma so nake in ji zafinsa."