Ragunan da Kansil Ta Tsare

Shekarar da aka sauke tutar Bature, Zagbanyili, wani ƙaramin gari da ke bayan Choggu a gefen Tamale, ya sami kansil tasa ta kansa. Mutum tara aka zaɓa, shida manoma 'yan ƙabilar Dagomba, uku daga Zango, unguwar Hausawa, aka ɗora wani malamin makaranta mai suna Wumpini a kujerar shugaba. Kafin nan, in akuyar wani ta ci gonar wani, gaban sarkin gari ake zuwa, a kira Sarkin Zango, a raba goro, magana ta mutu. Kansil kuwa da takarda ta zo. An ba ta iko kan kasuwa da rijiyoyi da dabbobi, kuma dokarta ta fari ita ce duk dabbar da aka kama a gona da damina a kai ta shingen kansil, ba ta fita sai mai ita ya tsaya gaban zama.

Tsaron shingen nan Usumanu aka ba wa, tsohon soja ne ɗan Zango da ya yi yaƙin Bama, ya dawo ba sana'a sai dako a tashar lori. Da aka miƙa masa kaki da kulki da makulli, ya ji kamar an maido masa da mutuncinsa. Wumpini ya gaya masa magana ɗaya: ƙofa ba ta buɗuwa sai da takardar shugaba.

Saura kwana huɗu Babbar Sallah, wani manomi, Iddrisu, ya koro raguna talatin da ya tarar sun kwantar masa da masara tun ba ta yi goyo ba. Usumanu ya zuba su a shinge ya kulle. Tun daga shaidar kunnensu ya gane na Tahidu ne, babban dillalin raguna, wan matarsa Hasanatu, kuma ɗaya daga cikin ukun da Zango ta tura kansil. Shi kansa Tahidu ya ɗaga hannu ranar da aka yi dokar, yana ganin awakin Dagomba masu ɓarnar hatsi a kasuwa aka yi wa ita.

Da hantsi Tahidu ya zo yana dariya, ya ce a buɗe, 'yan unguwar Sakasaka ta Tamale na jiran ragunan layyarsu. Usumanu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce shugaba ya tafi Tamale, sai jibi za a zauna.

"Yaya, ka yi mini haƙurin kwana biyu. Ni zan ba su ruwa da harawa da hannuna."

"Ni ne kansil, Soja. Buɗe."

"Kai ɗaya ne cikin tara, Yaya."

Tahidu ya juya ya tafi. A Zango ya baza cewa Dagomba sun haɗa baki su hana mutanen Zango yanka, kuma da surukinsa aka ƙulla.

Bayan azahar Usumanu ya hango su, mahauta da 'yan kamasho sun fi ashirin, da gorori da barandami, Tahidu na cikinsu. Ta ɗaya gefen kuma labari ya riga ya kai gonaki, manoma suna fitowa daga masara da fartanyu da adduna, Iddrisu a gaba. Usumanu ya jingina bayansa da ƙofar, ya ɗaga kulki, ya fara roƙo da Hausa, ya juya ya roƙa da Dagbanci, harshen Dagomba. Ba wanda ya saurara.

Gorar farko a kafaɗa ta same shi. Ya rama, ya kwantar da mutum biyu, na uku ya sheme shi da bayan barandami a dantse, ya ji ƙashin ya ce ƙas, kulkin ya faɗi. Suka ja shi ƙasa suna neman makulli, shi kuwa ya riga ya cusa shi a baki. Wani ya taka masa fuska har haƙora biyu suka fita, bai tofar ba. Sai suka koma saran shingen.

Nan manoman suka auko. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, raguna suka ɓalle ta inda aka sara suna tunkuyi suna taka wanda ya faɗi. Usumanu yana kwance ya ga Nashiru mahauci ya zaro wuƙar fawa ya soka wa Iddrisu a ƙarƙashin haƙarƙari, ya ga Iddrisu ya zauna a hankali yana riƙe da wurin, jini na bin yatsunsa. 'Yan'uwan Iddrisu suka yi kan Tahidu, suka kayar da shi, wani ya sare shi a cinya, wani ya ɗaga fartanya zai fasa kansa. Usumanu ya ja jiki ya kife a kan Tahidu. Fartanyar ta sauka a bayansa, daga nan bai ƙara sanin komai ba.

A asibitin Tamale ya farka, bayan Sallah da kwana biyu. Aka gaya masa Iddrisu ya cika tun kafin motar 'yan sanda ta iso, an kama mutum goma sha ɗaya, ragunan kuwa bakwai aka gano. Da aka kira shi shaida a kotu, dattawan Zango suka aiko a ce masa ya ce ƙura ta hana shi gani. Ya faɗi abin da ya gani, da sunan kowa. Aka rataye Nashiru, Tahidu ya sami shekara biyar.

Hasanatu ta yi jinyar Usumanu har bayansa ya warke, ta kwashe kayanta ta koma gidansu, ta ce ba ta tsane shi ba, amma in ta ci gaba da zama da shi ba za ta iya kallon uwarta ba. Kansil ta sake zama da mutum takwas, ta gyara shingen, ta aiko masa ya dawo aiki. Hannun ya ƙage, ba ya riƙe kulki. Duk da haka ya karɓa, don a tasha ba mai ɗaukar ɗan dako mai hannu ɗaya, a Zango kuwa ko gaisuwarsa an daina amsawa.