Muryarta a Tallan Bilya

…kuma zai ce wasa ne. Wasa! Hafiza ta san Bilya kamar yunwar cikinta. Zai washe haƙoran nan nasa ya ce haba taubashiya, tsakanin ɗan namiji da 'yar mace har akwai sata? Ɗan Kawu Faruk ne, an ba shi lasisin tsokana tun suna tsumma, komai ya ɗauka sai a ce ki yi dariya. To yau ba ta da dariya. Bas ɗin Makarfi tana faɗawa ramukan bayan Ikara tana fitowa, matar da ke gefenta ta ɗora mata rabin buhun barkono a cinya ba ko sannu, wayar kuma tana hannunta, ta yi zafi — ƙarfe biyu saura. Ƙarfe huɗu kamfani zai rufe.

Wakili ɗaya suke so. Ɗaya tak, Ikara da Makarfi da Kudan. Kamfanin injin ban-ruwa mai sola, can Kaduna, mutanen da ba su taɓa taka laka ba. Kowane wakili da linkinsa. Manomi ya danna, ya sa suna da lambar waya, an rubuta naka ne, in ya saya ka ci kamasho. Tsakaninta da Bilya, wanda ya fi kawo sunaye zuwa yau Laraba shi za a bari, ɗayan a rufe masa linki. Shi ke nan. Shekara biyu… a rufe.

Shekara biyu tana rubutu a intanet. Wa ya je ƙauyen Taba da ƙafarsa? Ita. Wa ya sa igiya a rijiyar fadama ya auna gaba nawa ruwa yake? Wa ya zauna da masu tumatir suna zagin farashin fetur har rana ta take? Ko kwabo ba ta biya kowa ba. Kalma bayan kalma, shafi bayan shafi, har ta kai duk wanda ya rubuta "injin ban-ruwa ba fetur" a Gugul, ita ce a sama. Wata takwas kafin mutum na farko ya sa suna — wani Zayyad daga Kudan, har yau tana tuna lambarsa ta ƙare da bakwai bakwai. Shi kuwa gogan? Teburin cajin waya a kasuwar Makarfi da kuɗin raken ubansa. Ya zuba a talla, ya kwanta. Washegari yana cikin kowace waya daga nan har Kudan, kamar ƙuda a kwanon fura.

Da ma da muryarsa ya yi.

Bara ne, lokacin yankan rake, ya zo shagonta na hoton takardu yana sosa ƙeya, wai ta koya masa. Wawiya! Ta ce zauna. Ta ce bari ma in yi maka a saƙon murya ka riƙa saurara. Minti bakwai. Assalamu alaikum iyayena manoma… a hankali, dalla-dalla, yadda tsoho zai gane: rana ce fetur ɗinka, ba ka sayenta, ba ta layi. Shi ya yanka, ya ɗora kan hotuna, ya liƙa linkinsa a ƙasa, ya biya aka watsa. Jiya ta gani. Muryarta tana roƙon mutane su danna — su danna masa! Ko sunanta babu.

Direba ya taka birki, tirela ce ta rake a gaba. Barkonon ya tashi, kowa yana atishawa. Matar nan, Allah Ya isa ma ɓata baki ne.

Ƙarar da za ta kai wa kamfani tana nan a wayar, ta gama rubutawa tun safe. Ta haɗa da ainihin saƙon, da kwanan watansa, da hoton tallan. Dannawa ɗaya. Dokarsu ba ta da kwana: wanda ya yi talla da kayan wani, a kore shi, a goge duk sunan da ya shigo ta tallan, lambobin kuma ba su ba rangwamen bana. A goge! Me ya dame ta? So take dai ta tsaya gaban teburinsa, ranar kasuwa, cikin mutane, ya ga babban yatsanta yana sauka. Shi ya sa ta shigo motar. Ta ga ko haƙoran za su koma ciki.

Talatin da takwas ya ba ta. Tazarar ke nan. Kuma daga ina? Jadawalin kamfani ba ya kunya, mazaɓa-mazaɓa yake jerawa: Kurmin Kogi — Bilya arba'in da uku. Hafiza, sifili. Kurmin Kogi! Inda aka binne cibiyarta. Mutanen da ta cike wa fom ɗin taki kyauta, ta buga wa 'ya'yansu takardun jarrabawa bashi-bashi ba ta taɓa bi ba… arba'in da uku, ba ɗaya da ya yi kuskure ya faɗo wajenta. Munafukai. Su sha fetur ɗin, su yi wanka da shi. Su yi ta jan igiyar inji har kafaɗa ta goce.

Shi ma yana can cikinsu yana kallo. Malam Maiwada. Baba. Mutumin da bai taɓa kiran sunanta ba tun da ta zo duniya — 'yar fari, wai alkunya. Waccan. Yarinyar nan. Ku ce wa waccan ta rufe kaji. Ranar da ta kawo takardar difloma ta durƙusa a zaure ta miƙa, bai karɓa ba, ya dubi bango ya tambayi ƙaninta ko an ba akuya dusa. Alkunya? To har yaushe? Shekara talatin da ɗaya ana jin kunyar mutum kamar abin da aka tsinta? Ta taɓa ji ta bayan danga yana ce wa wani, ai tana can Ikara tana danne-dannen waya. Danne-danne. Sunan aikinta ke nan a bakinsa. Kuma abin haushin — wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba — lokacin da take ɗaukar minti bakwai ɗin nan, shi take gani a gabanta. Shi take yi wa bayani. Iyayena manoma… wane iyaye? Mutum ɗaya ne.

Uku saura kwata. Ga saƙon Gwaggo Asibi can tun hantsi, minti huɗu, ba ta buɗe ba. Me za ta ce? Ina kwana, ina gajiya, ya mai gidan, ya zafi, an haihu gidan wane. Minti uku na gaisuwa, ɗaya na a aiko da omo. Bari dai ta ji, ko zuciyar ta ɗan sauka kafin tasha. Ta manna wayar a kunne, injin mota yana ci.

Gaisuwar, kamar yadda ta ce. Sannan muryar ta yi ƙasa.

"Ya ce kar in faɗa miki, to ni ba na iya riƙewa. Yayan nawa ne, babanki. A wayar Iliyasu mai shayi ya ji ki, a tallan injin nan. Sau uku ya sa aka maimaita masa. Kashegari ya ɗauki keke."

Keke?

Kwana tara, in ji Gwaggo. Da an sallame asuba sai ya tsaya a ƙofar masallaci. Gida-gida, har unguwannin hayi. Shi da ko lamba bai iya dannawa ba, sai ya ja Iliyasu ya bar teburin shayinsa, shi ke buga musu. Wanda ya yi gardama ya ce masa ni na tsaya, injin zai zo da rangwame kafin noman rani, in bai zo ba a kama Maiwada. Ku sa sunanku a nan, na yarinyar nan ne.

Na yarinyar nan ne.

Me ya hana shi tambaya? Kalma ɗaya! Wannan naki ne? Ikara nan da nan, mashin ɗaya — a'a. Ta ina zai tambaya? Ya dubi idonta ya ce na ji muryarki? Shi? Da ta aika masa linkin tun bara… ta aika? Ta taɓa? Ta ce me zai yi da shi, mai cewa danne-danne. Shekara biyu tana rubutu don masu neman abu da yatsa, shi kuwa kunne gare shi, kunne kawai, kuma da kunnen ya gane ta cikin hayaniyar teburin shayi.

Arba'in da uku. Nata ne, duka. Suna aljihun Bilya.

In ta danna, a goge su, ita ce wakiliya — kuma dattawa arba'in da uku su zo zauren Malam Maiwada su tambaye shi ina injin da ya tsaya a kai. In ba ta danna ba, ƙarfe huɗu a rufe ta, Bilya ya ci kamashon zufar tsohon da ke tuƙa keke a hayi. Ɓarawo. Ɓarawon banza, ko sanin abin da ya sata bai yi ba.

Saƙon bai ƙare ba ashe, saura daƙiƙa goma. "Tun jiya yake kewaya ni, wai ko an ji wani labari daga Ikara. Ke dai faɗa mini in faɗa masa — sunayen sun iso?"

Makarfi. Kwandasta yana dukan ƙofa, a sauka, a sauka. Matar ta janye barkononta. Ga teburin can tsallaken titi ƙarƙashin lema ja, wayoyi jere, Bilya ya hango ta, har ya ɗaga hannu, haƙoran a waje. Uku da minti goma. Ƙarar tana buɗe a gefe ɗaya, Gwaggo tana jira a ɗayan. Ta danna alamar ɗaukar murya ta riƙe… daƙiƙa biyar, shida, bakwai, jan ɗigon yana ƙiftawa, sannan ta kai wayar bakinta, cikin hayaniyar masu rake.

Sun iso, Baba. Sun…