Fure don Bututun Laka

Ranar Ayudha Puja, bikin gode wa kayan aiki, duk wani ƙarfe da ke ciyar da mutum a garin sai ya sha ado. Tun daga tashar bas Kathiresan yake ganin motoci da ganyen ayaba ɗaure a goshi, teloli sun fito da kekunan ɗinki bakin shago suna ɗiga musu kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi. A cibiyar binciken da yake aiki ma an rataya wa janareta furanni, an rataya wa injin buga takardu, har tukunyar mai kofi ba a bari ba.

Ɗaki ɗaya ne fure ba ya shiga, kuma a nan Kathiresan ya yi shekara ashirin da bakwai yana wanke kwalabe. Aikin ɗakin shi ne a ciro laka daga ƙarƙashin fadama, a tace ta, a duba garin furen da ya kwanta a ciki tun zamanin da, a ƙirga shi ƙwaya-ƙwaya a madubin ƙara girma. Da wannan ake sanin abin da ya taɓa tsirowa a wurin, da lokacin da ruwa ya cika ko ya janye. Ƙwaya ɗaya ta sabon fure in ta faɗa cikin tsohuwar laka, ƙarya za ta yi wa mai ƙirga. An taɓa yin ɗalibin da ya yi asarar aikin wata biyar saboda furen da ƙanwarsa ta maƙala a gashi ta shigo gaishe shi.

Kathiresan ya san wannan fiye da kowa. Shi ya sa kowace shekara yakan fitar da bututun ƙarfen da ake haƙo laka da shi zuwa gindin bishiya, ya sa masa fure a can, ya bar shi kwana uku, sannan ya wanke. Bana kuwa Dakta Vasanthi, shugabar ɗakin da suke kira Madam, ta ce a'a. Gobe da sassafe za a tafi da bututun fadamar Semmanur, wadda motoci za su fara cikewa da ƙasa ranar Litinin don gina gidaje. Abin da aka ciro gobe shi ke nan har abada. An riga an wanke bututun, an naɗe shi cikin leda, an ɗora a kan tebur.

Shi kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Bai yi mata musu ba, bai saba ba. Amma matarsa ta tashi tun da asuba ta saƙa masa igiyar furanni ruwan ɗorawa mai tsawon kamu biyu, ya kasa ce mata ta bari. Yanzu ga shi tsaye a ƙofar ɗakin da jakar furannin a hannu, yana gaya wa zuciyarsa cewa ai taɓawa ɗaya ce, a bisa ledar ma, ba wanda zai sani.

"Anna, tun daga bene nake jin ƙamshinka."

Thenmozhi ce, ɗalibar da za ta rubuta digirinta a kan lakar Semmanur, wadda ke ce masa Anna, wato Yaya. Ta jingina da bango ta naɗe hannu.

"Man gashi ne, Pappa," in ji shi. Haka yake kiranta, kamar yadda yake kiran 'ya'yansa mata.

"Wane gashin? Ɗaga jakar in ga man."

Ya mayar da jakar bayansa kamar wanda aka kama da mangwaron maƙwabta. Ta yi dariya, amma da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"Anna, ka san in furen nan ya shiga, ni ce na mutu."

"Na sani."

"To me ya yi zafi? Ƙarfe ne fa."

Ya ajiye jakar a kan matakala, nesa da ƙofa, ya zauna kusa da ita.

"Ba a haife ki ba lokacin," ya ce. "Mun je wata fadama a kan tudu, ni da tsohon Farfesan ɗakin nan. Na taka wurin da na zaci ƙasa ce, laka ta kama ni har ƙirji. Farfesa ihu kawai yake yi da Turanci. Bututun nan ne ya faɗi a gicciye, na rungume shi, ya riƙe ni har makiyaya suka zo da igiya. Bayan nan da shi na aurar da 'ya'ya uku. Kowace shekara nakan ce masa na gode. Ashe shekarar da zan rabu da shi ce zan fita ban ce masa komai ba?"

Thenmozhi ta dubi jakar, ta dubi ƙofar.

"Je ka famfo ka wanke hannu har gwiwa, da fuska, da wannan saiƙon naka. Ka cire rigar nan, ka sa ta aiki. Jakar ta zauna a nan."

"Me zan shiga yi hannu banza?"

"Kai dai Anna ka cika tambaya, kamar surukata."

"Yaushe kika yi suruka?"

"Ina gwadawa ne tun yanzu. Tafi!"

Da ya shigo, jiƙe da ruwa, ta riga ta buɗe akwatin katakon da ake jera ƙananan gilasai. Ta zaro ɗaya, ta sa a ƙarƙashin madubi, ta murza har ya daidaita, sannan ta tashi ta ba shi kujerarta. Kathiresan ya goge dubban gilasan nan a rayuwarsa, amma bai taɓa ɗora ido a madubin ba sai don share ƙura. Ya zauna a bakin kujerar a ɗarare.

Da fari haske kawai ya gani da gashin idonsa. Sai wani abu ya fito, zagaye, launin zuma, jikinsa da ƙananan ƙuraje, ga wani a gefensa, ga wani can.

"Mene ne wannan?"

"Bado ne. Garin furen bado. Ka tuna lakar da ka ciro bara a Semmanur, ta can ƙasa, wadda ka ce tana warin ruɓaɓɓen ƙwai?"

"Wadda ta kusa karya mini baya."

"Ita. Shekara dubu shida da suka wuce wurin tabki ne, bado ya rufe shi baki da baki. Wannan furen kuwa babu dokar da ta hana shi zama a ɗakin nan. Ya ma riga Madam zuwa."

Bai ɗago ba. Yana ta kallo, yana numfashi a hankali kamar kada ya hure su.

"Shi ya ɗauko su," ya ce a ƙarshe, yana nuna bututun da haɓa.

"Ku biyu dai."

Ta cire gilashin ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Yana tsaye gaban teburin sai ƙofa ta buɗe, Dakta Vasanthi ta shigo da ɗigon jan garin ibada a goshi, daga wurin bikin janareta take. Idonta ya fara sauka a kan ledar bututun, sannan a kan hannun Kathiresan.

"Jakar wa ce a matakala?"

"Tawa ce, Madam. Ba ta shigo ba."

"Na gani. Wannan fa?"

Thenmozhi ta buɗe baki, Madam ta ɗaga mata hannu, ta karanta lambar da ke jikin gilashin da kanta. Ta ɗan jima tana duban lambar.

"Na badon ne," ta ce. "To, ba wuta, ba turare. Ƙarfe huɗu ya koma akwatinsa, a gurbinsa, ba a na maƙwabcinsa ba."

Kathiresan ya ɗora gilashin a kan ledar, daidai tsakiyar bututun, inda ya taɓa rungumewa. Ya haɗa tafin hannunsa ya rufe ido. Abin da ya faɗa ba wanda ya ji, amma ya daɗe yana faɗa. Da ya buɗe ido sai ya ga Madam ta cire takalmi tana tsaye a bayansa, Thenmozhi ma haka. Madam ta miƙa hannu ta taɓa madubinta na ƙara girma, ta shafi idanunta, ta yi gyaran murya.

"Kathiresan, gobe mota ƙarfe biyar da rabi. Yaran nan ba su iya murza bututun ba, sai sun lanƙwasa mini shi."

"Ina nan tun biyar, Madam."

A waje ana raba guggurun shinkafa da mazarƙwaila a cikin takarda. Ya karɓi nasa da na Thenmozhi, ya ɗauki jakarsa, ya sauka wurin ajiye babura. Da ta fito ta tarar ya naɗe wa ɗan babur ɗinta furannin a ƙaho, zagaye biyu, yana gyara kullin.

"Anna! Yanzu sai na sake wanka kafin in koma ciki."

"Ki yi mana," ya ce, ya miƙa mata ƙunshin. "Ruwa ai bai ƙare ba."